Godiyarmu bayan jana'izar Baba

Salama a gare ku, 'yan'uwa da abokan arziki.

A madadin Innarmu da ƙannena da dukan gidanmu nake rubuta wannan. Baba ya yi barci cikin Ubangiji daren Talata, a makon Ista, yana da shekara 81, bayan jinyar wata biyu a asibiti a Zariya. Ranar Asabar muka kai shi makwancinsa a ƙauyenmu da ke ƙasar Malumfashi. Tun daga ranar har yau gidan bai rabu da masu ta'aziyya ba, shi ya sa godiyar ta yi jinkiri. Ku yi mana haƙuri.

Mun gode wa ma'aikatan jinyar da suka riƙa kiransa Baba kamar su ma shi ya haife su, da matasan ikkilisiya huɗu da suka bar aikinsu suka je suka ba shi jini. Mun gode wa Zumuntar Mata na cocinmu na ECWA. Kwana huɗu murhu bai mutu ba a tsakar gida, ba su bar Inna ta taɓa ko ludayi ba, da dare kuma su zauna kewaye da ita suna waƙa a hankali har barci ya ɗauke ta.

Maƙwabtanmu Musulmi kuwa, ban san da wane baki zan gode musu ba. Wanda ya san ƙasarmu a tsakiyar bazara ya san yadda take yin tauri kamar dutse. Tun bayan asuba suka fito da diga da shebur, suka haɗu da samarin coci, ana zuba ruwa ana sara, har kabarin ya kammala kafin hantsi. Wani dattijo a cikinsu, wanda suka yi gayyar noma da Baba tun suna samari, ya ƙi a karɓi shebur daga hannunsa. Allah ya saka muku da alheri, ya bar zumunci.

Akwai abin da ya kamata in faɗa a fili. Ni ban so a yi jana'izar ranar Asabar ɗin nan ba. Na ce a bari Ista ta wuce, kada mu haɗa wa mutane makoki da biki. Har na ɗan ɗaga murya a gaban dattawan ikkilisiya, abin da bai dace da ni ba, kuma ina neman gafararsu. Rabaran bai yi gardama da ni ba, ya dai ce mini, “Ɗana, bari mu ga abin da ranar za ta koya mana.”

A bakin kabari ya buɗe Korintiyawa ta fari sura 15, inda Manzo Bulus ya ce Almasihu ya mutu saboda zunubanmu, aka binne shi, aka tashe shi a rana ta uku. Ya ce mu kan yi wa'azin Jumma'a, mu yi murnar Lahadi, amma ba kasafai muke tsayawa a kan Asabar ɗin da ke tsakani ba, ranar da Yesu yake kwance a kabari, almajirai sun kulle ƙofa, babu abin da ido ke gani. Sai ya juya ga manoman da ke wurin ya tambaye su, me ake kiran shukar da ake yi kafin ruwan farko ya sauka? Suka amsa baki ɗaya: binne.

Nan jikina ya yi sanyi. Baba mutumin binne ne. Kowace shekara, sama fes babu ko gajimare, yakan saɓa sungumi ya fita, mu kuma muna biye da shi da ƙwaryar iri, muna jefa gero a busasshen rami muna turbuɗewa da ƙafa. Ina yaro nakan ga kamar ɓarnar hatsi muke yi. Rabaran ya karanta aya ta 36, cewa abin da ka shuka ba ya rayuwa sai ya mutu, ya gangara zuwa inda aka ce ana shuka jiki cikin rauni, ana tashe shi cikin iko. Ni da na ga yadda jinya ta mayar da ƙaton mutum har ina iya ɗaukarsa a hannu ni kaɗai, na san raunin da ake nufi. Ikon ne nake jira.

Ya kuma tuna mana cewa ba ranar ce aka fara binne Baba ba. A gidan Maguzawa aka haife shi, ya ba da gaskiya yana saurayi, aka yi masa baftisma a rafi. Romawa sura 6 ta ce a baftisma an binne mu tare da Almasihu domin mu yi tafiya cikin sabuwar rayuwa. Baba ya fi shekara hamsin yana wannan tafiyar kafin mu saka shi a ƙasa.

Kuka kam mun yi, har yanzu muna yi. Amma washegari da safe Inna ta ɗaura zanenta na Zumunta ta ce a kai ta sujadar Ista. Da aka ce “Ya tashi,” na ji muryarta a cikin masu amsawa.

Mun gode wa Rabaran da dattawa, da ƙungiyar mawaƙa, da waɗanda suka taso daga Funtuwa, Kano, Kaduna da Jos, da masu kiran waya, da waɗanda suka aiko da gudummawa suka ce kada a faɗi sunansu. Wanda muka manta bai samu ko ruwan sha ba a cikin hidimar nan, ya yafe mana. Ubangiji ya mayar da kowa gida lafiya.

Za mu yi sujadar godiya ta iyali ranar Lahadi ta ƙarshen wata, muna gayyatar kowa. Kafin nan, ranar Asabar mai zuwa, Kawu ya ce za a sauko da damin geron da Baba ya ware na iri a rumbu, a yi binne a gonarsa ta bakin hanya. Duk saurayin da ke da sungumi, ya zo da shi.