Tambayar da likita ya yi mini a gaban Inna

Talata, da dare.

Yau na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Likita ya ɗago kai daga katina ya ce, "Malama, kar ki ji haushi, kin taɓa kurɓar giya?" Inna tana gefena da carbi a hannu. Sai da carbin ya tsaya. "Subhanallahi! Likita, ɗiyar tawa?"

Abin da ya kai mu: jiya bayan isha'i na sha cokali biyu na wani maganin ƙarin jini da ƙawata ta kawo mini. Ko rabin awa ba a yi ba hanci ya toshe, ido ya kama ruwa, ƙirji yana fito kamar buta a kan wuta. Inhela ce ta cece ni. Da safe muka tari Napep daga Ƙofar Ƙaura, hazo ya rufe gari.

Asmata ba irin ta kowa ba ce. Sai da na haura talatin ta kama ni, ta zo da tsiron nama a hanci, aka cire, ya dawo. Rabona da jin ƙanshin turaren wuta har na manta. Miya ma in ta kama, sai yara su gaya mini. Magungunan ciwo irin su asfirin kuwa, da ibuprofen da diclofenac, ko a mafarki ba na sha, don tayar mini da asmar suke yi. Likita ya ce wannan haɗin uku, wato asma da tsiron hanci da rashin jituwa da asfirin, sunan wani likita Samter yake ɗauke da shi, wanda ya bayyana shi a 1968. Magungunan suna toshe wata hanya a jiki, sai sinadaran da ke matse hanyar numfashi su yi ambaliya.

Ya lallashi Inna kafin ya ci gaba. A wani bincike da aka yi a Amurka a 2014, mutum 83 cikin 100 na masu irin ciwona sun ce giya na tayar musu da hanci ko ƙirji, da yawansu daga 'yar kurɓa kaɗan. Shi ya sa yake tambayar kowa, ko liman ne.

Na zaro kwalbar daga jaka. Ya juya bayanta, ya ɗora biro a kan wani ƙaramin rubutu da ni ko da tabarau ban taɓa kulawa ba. Akwai sinadarin giya a ciki. Bai rantse cewa shi ne ba, ga hunturu ga ƙura, amma ya ce in ajiye ta, kuma duk maganin ruwa, har na tari, in sa mai kemis ya karanta mini bayansa tukuna.

A hanyar dawowa Inna ba ta ce uffan ba har muka wuce Ƙofar Soro. Can ta taɓo ni.

"Ke, ni ma fa na sha cokali ɗaya shekaranjiya."