Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: "Ɗiyar gidanga ba ta kuka bisa gwiwa"

Makon jiya mun tsaya ne a daren da aka kai ni gidan Malam a Rijiyar Ɗorowa. Bisa tsari, zaman da na yi da uwargida a shekarar farko ya kamata in ɗauko yau, to amma babu abin da na riƙe a wannan shekara in ban da girki da shara, ita kuma baiwar Allah ba ta cuce ni ba. Zan tsallake zuwa cikin fari, domin a nan ne maganar Gwaggon Kanwuri ta shigo rayuwata, kuma har yau da nake da jikoki ba ta fita ba.

Ɓatan watan ya zo mini a farkon 1988. Ban san abin da ake ciki ba sai da warin daddawa ya fara fitar da ni daga madafi. Ni da na tashi a gidan da ba a kaɗa miyar kuka sai da daddawa mai yawa, sai ga shi ko maƙwabta ne suka jefa ta a tukunya zuciyata ta tashi ke nan. Yawu ya riƙa taruwa a bakina har na ajiye gwangwani da toka a ƙarƙashin gado. Nonuwa suka yi nauyi, ko riga ta goge su ciwo. Ga barci, ina tsakiyar tankaɗe sai in ji kaina ya yi gaba. Abin da raina ke so bai wuce ɗanyen mangwaro da gishiri ba, sai tsamiya da nake tsotsa a ɓoye, sai farar ƙasa da nake aiken yara su sayo mini. Shekaru da yawa bayan nan wata ma'aikaciyar jinya ta gaya mini cewa kwaɗayin ƙasa sau da yawa alamar ƙarancin jini ce. A lokacin wa zai gaya mini?

Uwargida ce ta fara ganewa. Wata safiya ina wanke-wanke ta tsaya ta dube ni, ta ce, "Amarya, kin yi haske. Allah shi raba lahiya." Na saki kwanon na shige ɗaki, ban fito ba sai azahar.

Azumin shekarar ya kama bayan tsakiyar Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, iska ma in ta kaɗo ƙuna take yi. Da laulayin na ɗauke shi. Shari'a ta ba mai ciki damar ta sha ta rama idan tana jin tsoron cutuwa, kuma Malam ya san haka sarai, shi da yake karantar da wannan babi a zaure. Amma in na sha ruwa da rana na sanar da gida ke nan ina da ciki, mu kuwa an raine mu a kan cewa wannan magana ba ta fitowa daga bakin yarinya. Akwai ranar da na faɗi a bakin randa kafin la'asar. Aka ce rana ce ta buge ni, na ce e, rana ce.

A wata na bakwai aka zo aka ɗauke ni goyon ciki zuwa gidanmu na Ƙofar Rini. Kun san ni ce 'yar fari wurin Inna, don haka ba ta kiran sunana, ba ta zama inda nake zaune, balle ta tambaye ni ina ke ciwo. Sai Baba ya aika Kanwuri aka ɗauko yayarsa ta zo ta kula da ni. Ranar da ta iso, tun ba ta kwance ƙunshin kayanta ba ta zaunar da ni a gabanta.

"Ki buɗe kunnenki," in ji ta. "Ɗiyar gidanga ba ta kuka bisa gwiwa. Kakarki ta cika gidanga da ɗiya, ba wanda yaj ji muryatta. Wadda duk tay yi kuka ta ba kishiyoyi abin gori har ta mutu."

Ba zan ci haƙƙinta ba, ta yi mini hidima. Ita ke dama mini fura da nono mai kyau, ita ke matsa mini baya da dare, ita ta hana ni ɗaukar tulu. Ta hana ni sukari da rake wai kada zaƙi ya tare hanya, kullum da jiƙon tsamiya a gefena. Amma awo ba a maganarsa. Asibiti yana nan cikin gari, ba wata tafiya ba ce, sai dai a wurin Gwaggo mace mai lafiya ba ta kai cikinta wani ƙato ya duba. Da wata na takwas ya shiga ƙafafuna suka kumbura suka koma kamar taɓarya, zoben da aka sa mini ranar aure ya ƙi fita daga yatsa. Ta danna ƙafar, wurin ya lotsa, ta yi murmushi ta ce, "Kumburin ƙahwa, ai ɗa namiji na." Kaina yana sarawa, wani lokaci in ga ƙyalli yana yawo a idona. Wannan ban faɗa ba, an riga an gaya mini irin ɗiyar da gidan ke so.

Ranar 1 ga Nuwamba, 1988, Allah ya yi wa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku rasuwa bayan shekara 50 a kan gado. Duk ɗan Sakkwato da ya yi wayo a lokacin ya san abin da ya biyo baya da aka sanar da Ibrahim Dasuki: gari ya hargitse, aka yi ƙone-ƙone, aka rasa rayuka, kowa ya kulle ƙofarsa tun kafin duhu. A cikin waɗannan kwanaki naƙuda ta taso mini.

Da ciwon baya ta fara, can ƙasa, yana zagayowa mara ya ɗaure ya saki. Na zaga bayan rumbu na riƙa kai da kawowa don kada a gane. Faya ce ta tona ni, ta fashe ina tsaye a tsakar gida. Gwaggo ta ja ni ɗakin ƙurya, aka kira tsohuwar ungozomar unguwa, aka kawo rubutu daga zaure na sha. Na durƙusa. Dare ya raba, aka yi asuba, rana ta fito ta faɗi, ina nan. Duk lokacin da ciwon ya taso har na buɗe baki, sai in ji Gwaggo a kunnena: "Ɗiyar gidanga." Ba ta ma ƙarasawa. Na cusa bakin zane tsakanin haƙorana na cije. Haƙorin da ya tsage a wannan dare yana nan a bakina.

Da abin ya yi tsawo sai ungozoma ta ce gishiri ne ya tare, a bari ta yanka. Ta kwance reza daga ƙullin zanenta, Gwaggo ta riƙe fitila. Sai labule ya ɗaga. Inna ce. Matar da tun da ta haife ni ba ta taɓa kallon tsakiyar idona a gaban mutane ba, ta shigo har inda nake, ta ce, "Yaya, a aje wagga reza. Ba a taɓa min ɗiya da ƙarhe." Gwaggo ta ce yau kuma ga rashin kunya, uwa a ɗakin haihuwar ɗiyar fari. Inna ba ta tanka ba, ta kuma ƙi fita. Ta aika a gaya wa Baba a nemo mota ko gari na cin wuta. Ba a samu mai fitar da motarsa a wannan dare ba. Gab da kiran sallar farko Allah ya sauke ni, namiji, mabiyiya ta biyo ba da jimawa ba. Na san mata a asibitin Maryam Abacha da ake yi wa aikin yoyon fitsari, wasu doguwar naƙuda ce ta kai su, wasu rezar nan ce. Inna ta rasu ban taɓa yi mata godiyar wannan dare da baki ba, domin ko na fara ba za ta tsaya ta ji ba.

Da gari ya waye Gwaggo ta fita tsakar gida ta rangaɗa guɗa, tana gaya wa duk wadda ta shigo barka cewa kwana da wuni aka yi ko tari ba a ji ba. Kuma na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Na yi shekaru ina tafiya da wannan yabo, a gidan Malam ma ya ɗaga ni.

A nan dole in tsallaka zuwa 1996, shekarar da aka naɗa Sarkin Musulmi Maccido, domin ba zan iya ba da labarin haihuwata in bar na ƙanwata ba. Ita ma an kawo ta goyon ciki ɗakin nan, Gwaggon nan aka ɗauko. Yarinya ce mai surutu, ko ƙaya ta taka sai unguwa ta ji. Fuskarta ta kumbura har idanu suka shige, ta ce kanta zai tsage, ta ce tana ganin hazo. Abin da aka ba ta amsa, matar yayanmu da ke wurin ta maimaita mini shi kalma da kalma: "Ke ba ki ga yayarki ba? Kwana da wuni tay yi ba wanda yaj ji ta. Ɗiyar gidanga ba ta kuka." Yarinya ta yi shiru. Da ni aka rufe mata baki. Bayan kwanaki jijjiga ta kama ta, ta taune harshe, aka ce iska ne, aka turara hayaƙi, aka yi tofi. Sai da ta sake kama ta aka nemi mota. Ma'aikatan asibiti sun yi iya yinsu. Ba ita, ba abin cikin.

Sai daga baya na san sunan abin. Hawan jini ne na masu ciki. Idan awo ya nuna 140 bisa 90 ko fiye, ga kumburin fuska da hannuwa, ga ciwon kai da ganin ƙyalli, to hatsari ya ƙwanƙwasa ƙofa, kuma akwai allurar da ake yi don tare jijjigar, sannan a gaggauta raba uwa da ɗa. Ashe abin da ya ɗauke ta shi ne ya leƙo ni a 1988 Allah ya kawar. Ranar zaman makoki Gwaggo ta ce kwana ne ya ƙare. Na yarda kwana ya ƙare, ban taɓa jayayya da ƙaddara ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a hana yarinya faɗin ciwonta sannan a ɓuya a bayan ƙaddara.

Wai a garin Nana Asma'u, wadda ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye su karantar da mata addininsu, a rasa wadda za ta tuna mana da aya ta 23 a Suratu Maryam. Nana Maryam, zaɓaɓɓiya a kan matan duniya, da naƙuda ta kai ta gindin dabino ta buɗe baki ta ce da ma ta mutu kafin wannan. Allah bai zarge ta ba, aka kira ta aka ce kada ta yi baƙin ciki, aka ba ta ruwa da dabino. To wace ce kakarmu da za ta fi ta? Na so in karanta wa Gwaggo wannan aya tana da rai, girmanta ya hana. Ranar da aka yi mata sutura na yafe mata nawa haƙƙin. Na ƙanwata ba nawa ba ne balle in yafe.

Lokacin da tawa ɗiyar ta samu ciki ni na kai ta awo da ƙafata, duk da ana cewa ba a saba ganin uwa a layin awo da 'yarta ba. Aka auna jininta, aka duba fitsari, aka ba ta ƙwayar ƙarin jini da maganin zazzaɓin cizon sauro, aka yi mata allurar tetanus. A lokacin ma abubuwa sun fara sauyawa har ga masu haihuwa a gida, waɗanda har yau su ne mafi yawa a jiharmu. Tun 2013 aka fara raba ƙwayoyi uku na tsayar da zubar jini da ake sha da zarar ɗa ya faɗo, da wani man shafawa a cibiya maimakon toka da gashi da tsumma. Na ce wa ɗiyata, "In kin ji ciwo ki faɗa, in ya yi tsanani ki yi ihu, ni na ba ki izini." Ta kuwa yi, har bakin baranda ana ji. Wata daga dangin Baba ta taɓe baki ta ce, "Wagga ba ta gado ki ba." Na ce mata ƙanwata ce ta gado ni, ta je maƙabarta ta tambaye ta abin da gadon ya ba ta. Ba ta sake yi mini magana ba har aka yi suna, ni ma ban neme ta ba.

Mu koma 1988. Washegarin haihuwa aka ɗora tukunyar wanka. Safe da yamma ana tsoma ganyen dogon yaro a tafasasshen ruwa ana fyaɗa mini, in fito in sha kunun kanwa, in kwanta a gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, har arba'in. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan kanwa da wannan zafi da ciwon zuciyar da ke kama masu jego, kuma na ga matan da suka kumbura suna haki bayan arba'in. Jikokina da ruwa mai ɗumi aka yi wa iyayensu, kanwa kuma ɗan taɓawa. Amma gatan jego ban raina shi ba: kauri da yaji, ba aiki, ba mai ɗaga maka murya, kowa na tambayar mai jego ta ci.

Yaron kuwa, wanda har yau ban taɓa kiran sunansa ba, saura kwana biyu suna rigima ta tashi tsakanin Baba da dangin Malam a kan sunan da za a raɗa masa, wasu na cewa a sa masa na marigayi Sarkin Musulmi, wasu na cewa na kakansa. Gwaggo ce ta hura wutar, kuma har rago sai da aka mayar. A nan za mu ɗora mako mai zuwa in Allah ya kai mu.