Shuɗin mazari ya ja min kunya

Shekarar da na fara ɗaukar hoton ƙwari, duk abin da na gani siriri mai shuɗi a bakin ruwa sunansa ɗaya a wurina. Ina nufin ƙananan mazarin nan masu jiki kamar allura, waɗanda idanunsu ke nesa da juna kuma in sun sauka sai su haɗe fukafukai a bayansu, ba irin manyan da ke baza nasu ba. Masana suna kiran rukuninsu Zygoptera, nau'insu ya kai wajen 3,000 a duniya, ni kuwa a lokacin guda ɗaya tak na sani, Enallagma cyathigerum, shikenan sai na bi hotuna kusan arba'in duk na liƙa musu sunan nan ina ta jin kaina.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar na tura wa, ina jiran yabo. Amsar da ya ba ni gajeriya ce: "Malam, ina hoton gefe?" Wallahi ban ma gane tambayar ba. Ashe fiye da rabinsu Coenagrion puella ne, wani nau'in daban, har jinsinsu ma, wato kalmar farko ta sunan, Enallagma ko Coenagrion, ba ɗaya ba, duk da cewa su biyun sun cika tafkunan Turai, tsawonsu kusan ɗaya ne, santimita 3 da ɗan wani abu, kuma mazan duk shuɗi da baƙi ne.

Abin da ya fara koya min shi ne ƙirge. Dogon cikin nan da muke ɗauka wutsiya ce gaɓa 10 gare shi, ana fara lissafi daga wajen ƙirji. Gaɓa ta biyu ita ce mai magana. A namijin cyathigerum za ka ga baƙin ɗigo mai 'yar ƙafa kamar naman kaza, a namijin puella kuwa zanen kamar harafin U ne, a tsaye shi kaɗai bai taɓa baƙin zoben da ke ƙarshen gaɓar ba. Na ce to ai abin da sauƙi. Ina! Akwai na uku, Coenagrion pulchellum, shi ma U ɗin ne amma yawanci da ƙafa da ta haɗa shi da zoben, kuma wannan ƙafar wani lokaci siririya ce sosai ko ma babu ita, to kun ga in ka dogara da alama ɗaya ka shiga uku.

Nan ne hoton gefe ya shigo. A gefen ƙirjin Coenagrion akwai wani ɗan gajeren baƙin layi da ya taso daga wajen gindin fiffike ya tsaya a rabin hanya, Enallagma ba shi da shi, gefensa fes yake. Sannan ratsin shuɗi biyu da ke saman ƙirji, na Enallagma masu faɗi ne, na Coenagrion sirara, a pulchellum ma sau da yawa a tsinke suke kamar alamar motsin rai. Ni kuma duk hotunana daga sama na ɗauke su, a karkace, fokos a kan ido saboda idon ya fi kyau, sauran jikin duk ya dushe. Hoto ne mai kyau na ratayewa a bango amma ba ya gaya maka komai.

Launi kam na daina yarda da shi. Wanda bai daɗe da fitowa daga ruwa ba, inda tsutsarsa ke girma, jikinsa fari-fari ne, fukafukansa na ƙyalli, shuɗin sai daga baya yake zuwa. Da safe in akwai sanyi shuɗin ma yakan yi duhu-duhu kamar toka, ga kamarar waya da ke ƙara wa launi gishiri ba ka sa ta ba. Na taɓa gwada wata manhaja mai gane ƙwari, ƙwaro ɗaya hoto biyu ta ba ni suna biyu, tun daga ranar nake ɗaukar maganarta a matsayin shawara kawai.

Matan su ne ciwon kai na gaske. Macen wani nau'in, Ischnura elegans, kaɗai tana da kala har biyar, akwai mai ruwan hoda, akwai mai shuɗi da za ka rantse namiji ce. Macen puella yawanci kore da baƙi ce, ba U ba komai. Abin da ke ceto na shi ne macen cyathigerum tana da 'yar ƙaya a ƙarƙashin gaɓa ta takwas, in hoton gefe ya fito ras za ka gan ta. Tsakanin puella da pulchellum kuwa sai ka leƙa ɗan farantin da ke bayan kai, kamar kwalar riga, ka duba yadda bakinsa ya lanƙwasa, na pulchellum ya fi zurfin yanka gida uku. Wajen nan ne namiji ke kama mace da 'yan ƙugiyoyin ƙarshen cikinsa lokacin barbara, shi ya sa siffar ta bambanta daga nau'i zuwa nau'i, kamar kwaɗo da makulli.

Yanzu in na je, sammako nake yi kafin rana ta ɗumama su su fara tsalle-tsalle. Ƙwaro ɗaya hoto uku, sama, gefe, sai na kusa da kai, ina daidaita kamarar ta yi layi ɗaya da jikinsa don fokos ya kama daga ido har ƙarshen ciki, kuma kafin in koma kan wani sai in ɗauki hoton tafin hannuna ya raba tsakaninsu, don na sha cakuɗa hotunan ƙwari biyu ina ta mamakin yadda layin gefe ya ɓace.

Akwai wata mace da na ɗauka makon jiya, gefen ya fito, gajeren layin yana nan, amma ganye ya rufe kwalar. Na rubuta mata Coenagrion kawai na bar ta haka, ranar Asabar zan koma wajen da na gan ta.