Abin da na kwaso daga ofishin ɗaliban waje

Ƙarshen wannan zangon na ajiye aikin da nake yi a ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'armu a Amurka, aikin nan na awa 20 a mako da bizar ɗalibai ta F-1 ta yarje wa irinmu. Wanda ya taɓa zama a irin wannan ofis ya san kayan cikinsa, irin su I-20, takardar da makaranta ke ba ɗalibin waje don ya nemi biza, da SEVIS, rajistar gwamnati ta ɗaliban waje. Kason da ya faɗo mini shi ne ɗaliban Latin Amurka: 'yan Meksiko, Kolombiya, Peru, Benezuwela, da ɗaiɗaikun 'yan Ajantina da Chile. Ba don ina jin Sifaniyanci aka ba ni su ba. Ni ne sabo, shi ke nan.

Shugabarmu mace ce mai son a gan ta. A lokacin jami'ar na hanƙoron shiga sahun makarantun da kashi 25 cikin 100 na ɗalibansu masu tushen Latin Amurka ne, saboda a wancan lokacin akwai tallafin gwamnatin tarayya a kan haka. Sai ta yanke cewa duk sabon ɗalibin da sunansa ya yi kama da na Sifaniyawa a tura shi taron maraba na cibiyar ɗaliban Latino, inda ake da abinci da kiɗa da mai ɗaukar hoto. Har 'yan Birazil, da harshensu Fotugis ne, aka haɗa. Abin takaicin, ɗalibin da ya shigo da biza ba ya ma cikin wancan lissafi, rukuninsa daban ne a ƙididdigar gwamnati. Hoton dai ake so ya cika. Kuma taron ya faɗo daidai lokacin da muke zaman bayanin dokokin biza.

Na rubuta mata saƙon imel cikin ladabi. Na ce yaron da aka haifa a Texas, iyayensa 'yan Meksiko, ɗan ƙasa ne: yana neman tallafin karatu na gwamnati, yana aiki duk inda ya ga dama, in darasi ya yi masa nauyi ya ajiye ba abin da zai taɓa zamansa a ƙasar. Wadda ta sauka jiya daga Maracaibo ta Benezuwela kuwa, harshensu ɗaya amma dokar da ke kansu ba ɗaya ba ce. Amsarta layi ɗaya ce: za su fi sakewa cikin 'yan'uwansu.

Sun sake ɗin kuwa, ban musa ba. A can suka sami abokai, a can suka san shagon da ake sayar da garin masarar da ake yin arepa. A can kuma wata 'yar Benezuwela mai karatun injiniya ta sami shawarar da ta kusa raba ta da ƙasar. Turancinta a takarda ba laifi, amma malamin kimiyyar sinadarai yana magana da sauri, ta faɗi gwajin farko. Ƙawayenta haifaffun Amurka suka ce ta janye daga darasin kafin wa'adi ya cika, kada ya ɓata mata maki. Da zuciya ɗaya suka faɗa, kuma a wurinsu shawara ce mai kyau. Ta shiga intanet ta janye, kiredit ɗinta, wato ma'aunin yawan darussan da ta ɗauka, ya sauka daga 12 zuwa 9. Ba ta taɓa jin cewa 12 ne mafi ƙaranci ga ɗalibin digirin farko mai biza ba, domin ranar da aka faɗi haka tana wajen ɗaukar hoto.

Ta zo teburina da wata jakar leda mai maɓalli, ciki fasfo ne da I-20 da takardun bankin kawunta, an jera su tsaf. Tana ta maimaita cewa ai ta biya kuɗin makaranta duka, me ya rage? Ban san ta inda zan fara gaya mata an rufe rajistarta ba. Abin da ya fi ci mini rai, doka ta yarda a rage wa sabon ɗalibi darussa idan Turanci ya ba shi wuya a farkon zuwansa, muddin jami'in ofis ya sa hannu kafin a janye. Sa hannu ɗaya, a ofishin da ke hawa ɗaya da ajinta.

Da aka zauna taron bin bahasi, shugabar ta tambaya jerin sunayen 'yan Latin Amurka a hannun wa yake. Kowa ya juyo ya dube ni. A rahoton aka rubuta cewa ɗalibi ma'aikaci ya gaza bibiya. Ni da ba ni da ikon buɗe SEVIS, tunda sai ɗan ƙasa ko mai takardar zama ta dindindin ake naɗawa matsayin jami'in da ke buɗe ta. Imel ɗin yana cikin wayata a aljihu, amma rangwamen kuɗin karatuna na shekara mai zuwa yana jiran sa hannunta, ita ma ta san haka. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Hanya biyu ta rage wa yarinyar. Ko ta fita ƙasar ta dawo da sabuwar I-20, ta sake biyan dala 350 na kuɗin SEVIS, lissafin shekarar da ake buƙata kafin izinin aikin horo ya koma farko; kuma da bizar ta sami matsala sai Bogota ta Kolombiya, don a lokacin ofishin jakadancin Amurka a Caracas, babban birnin ƙasarsu, yana rufe tun 2019. Ko ta cika fom I-539 ta roƙi a maido mata matsayinta. Ta zaɓi roƙon. Ni na zauna da ita bayan tashi aiki muka tsara wasiƙar, muka nemo shaidar malamin da jadawalin ranar taron maraba. Watanni tana jira, ba damar aiki ko a kantin makaranta, kawun na turo abin da ya samu. An maido mata. Shekarar da ta biyo aka raba lokutan tarukan biyu, ba wanda ya ce shawarar wa ce.

Sauran abin da na koya ƙanana ne. Sunan iyali biyu gare su, na uba da na uwa, kwamfutar Amurka kuma ta kan ɗauki na farko a matsayin sunan tsakiya. A duba tun ranar farko, in ba haka ba banki da ofishin lasisin tuƙi za su yi ta kai da komo da su. Maki 5 ƙololuwa ne a Kolombiya, a Meksiko faɗuwa ce, a Peru da Benezuwela kuma kan 20 ake auna shi, kada a yi wa kowa hukunci da takardar da ba a fahimta ba. Yawancinsu a gidan iyaye ake yin jami'a, don haka shirun ɗakin kwana ya fi sanyin hunturu dukansu, musamman hutun ƙarshen Nuwamba da kowa ke tafiya gida. Sun saba aikin gida a taru a yi, nan kuwa satar amsa za a kira shi. Kuma ba sa shiga magana sai an gaisa an tambayi mutanen gida, abin da ya sa ni da su ba mu taɓa samun matsala ba.

Wanda zai gaje ni, ya riƙa ajiye kwafin duk saƙon da ya tura wa na sama da shi a wani wuri da ba na ofis ba. Shugabar ta ce za a yi mini walimar bankwana ranar Juma'a da rana. Na ce ina da masallaci.