Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: "Yaya, An Taɓa Yin Wannan"

A makon jiya na tsaya ne a inda Baba ya sayar da shagonsa na Sabon Garin Zariya, muka tattara muka koma gidan gado a cikin birni, wajen Kwarbai. Yau labarin Autarmu zan ba ku, kuma sai da na nemi izininta kafin na rubuta.

Ni abin ya fara samu. Ina da shekara 17 Inna ta aike ni kai gudummawar biki wani gida a Tudun Wada, gidan da ƙafata ba ta taɓa takawa ba. Ina fitowa daga zaure na biyu sai ga rijiya a hannun dama, akuya ɗaure a turke, wata tsohuwa zaune gindin darbejiya tana tsintar shinkafa a faifai. Tsikar jikina ta tashi. Zuciyata ta ce wallahi na taɓa tsayawa a nan, da wannan kwanon a hannuna, kuma wannan tsohuwar ta taɓa ɗago kai ta dube ni haka. Kafin ta gama amsa sallamata abin ya wuce.

Da na faɗa wa Kaka, ko ɗagowa ba ta yi daga kaɗin da take yi ba. "Mafarkinsa kika yi kika manta, 'yar nan." Malaminmu na Islamiyya kuwa ya kawo mini hadisin da ke cewa rayuka runduna ce da aka tara, waɗanda suka san juna sai su shaƙu, waɗanda ba su san juna ba sai su saɓa. Amma Allah Ya saka masa da alheri, bai ja hadisin inda bai kai ba. Ya ce maganar shaƙuwar mutum da mutum ce, ba ta rijiya da akuya ba.

Sai da na shiga jami'a a Samaru na karanta cewa abin sananne ne, da Faransanci ana ce masa déjà vu, kuma kusan mutum biyu cikin uku sun taɓa jin sa. Ya fi samun matasa, ya fi zuwa lokacin gajiya da rashin barci, yana raguwa idan shekaru suka ja. Wata mai bincike a Amurka, Anne Cleary, ta gwada shi a 2012: ta nuna wa mutane wurare a na'ura, daga baya ta nuna musu wasu sababbi masu tsari iri ɗaya da na farko. Da yawa suka ji kamar sun taɓa zuwa, alhali sun kasa tuna inda suka ga irinsa. Nan na gane nawa. Gidajen Zazzau nawa na shiga tun ina goye, masu zaure, shigifa, tsakar gida da rijiya a gefe? Ƙwaƙwalwa ta gane tsarin, ta rasa gidan da za ta jingina shi.

Na Auta daban ne, kuma wannan bambancin shi ya sa nake rubutun nan.

Tana da shekara 13 ta fara. Muna cikin wanke-wanke sai ta tsaya cak, ta dafe ciki, ta ce, "Yaya, an taɓa yin wannan." Ba da mamaki take faɗa ba irin nawa, da tsoro take faɗa. Ta ce wani abu ke tasowa daga cikinta zuwa ƙirji, sai ta ji warin ƙonannen roba alhali ba a ƙona komai ba. Daga nan idonta ya kafe waje ɗaya, tana motsa baki kamar mai tauna, yatsunta na murza bakin zaninta. In ka kira ta ba ta amsawa. Bayan minti ɗaya ko biyu ta dawo a gajiye, ba ta san me ya faru ba. A mako sai ya zo mata sau da yawa.

Gidan gado ba ya rasa masu fassara. Gwaggo ta ce iska ce, tunda yarinyar na yawan zuwa bayan gida da magariba ba lulluɓi. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka sha rubutu da habbatus-sauda. Ban raina addu'a ba, har gobe ina yi mata. Abin da ke ci mini rai shi ne fiye da shekara muka ɗauka ba wanda ya ambaci asibiti.

Wata asuba cikin azumi, bayan kwanaki ba ta samun isasshen barci, ta ce, "Yaya, ga shi nan," sai ta faɗi ta sandare, jikinta ya hau jijjiga. Gwaggo ta rarumo cokali za ta cusa mata a baki, wasu suka ja da baya suna janye yara, wai kada yawunta ya taɓa su. Allah Ya sa Kawu, ƙanen Inna da ke aikin jinya, ya kwana a gidan. Ya karɓe cokalin, ya kwantar da ita ta gefe, ya sa mata zani a ƙarƙashin kai, ya ce wa Gwaggo: "Ba a sa komai a baki, Yaya. Kuma ba a ɗaukar sa ta yawu."

Gari na wayewa muka fita ta Ƙofar Doka, muka bi Kwangila da Samaru har asibitin koyarwa na Shika. Likitan bai yi gaggawa ba. Ya sa Auta ta ba shi labarin da bakinta, da ta zo kan "an taɓa yin wannan" sai ya ajiye biro ya ce ta maimaita. Ya nuna gefen kansa, saitin kunne, ya ce a nan ƙwaƙwalwa ke ajiye abin da ta sani, kuma akwai farfaɗiyar da daga nan take tashi. Wannan jin da take yi ba gargaɗi ba ne kawai, ciwon ne da kansa ya fara. Aka manna mata wayoyi a kai aka yi gwaji, aka ɗora ta a kan ƙwayoyi, safe da dare, da sharaɗin kada ta tsallake ko ta daina ba da izininsa ba. Daga baya na ga cewa tun 1888 wani likitan Ingila, Hughlings Jackson, ya rubuta irin wannan alamar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu farfaɗiya za su iya rabuwa da faɗuwa idan suka samu magani yadda ya dace. Auta na cikinsu. Cikin 'yan watanni abin ya lafa.

To mai karatu, idan naka na zuwa jefi-jefi ya wuce cikin daƙiƙu, ba komai. Idan kuwa ɗanka ko ƙanwarka na yawan faɗin haka, ga tsoro, ga baƙon wari, ga kafewar ido da mantuwa, don Allah a haɗa addu'a da ganin likita.

A hanyar dawowa Inna ba ta ce uffan ba sai da muka kusa gida. Ta riƙo hannuna da na Kawu, ta ce, "Maganar nan ta tsaya tsakaninmu. Gara a ce iska ce. Wa zai auri mai farfaɗiya?"

Shekara shida asirin na rufe, har ranar da aka kawo kuɗin gaisuwar Auta, ƙanwar manemin ta shiga ɗakinmu yin salla ta ga kwalin maganin a kan taga. Nan za mu tashi mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.