Agogon Baba

Yau a wani shago a PZ na tsaya ina jujjuya agoguna biyu masu zagayayyiyar fuska, Samsung Galaxy Watch da Huawei Watch GT. Mai shago ya ce, "Yallaɓai, Samsung ya fi manhajoji, amma kusan kullum sai caji. Huawei kuwa yakan haura mako." Da yanayin wutarmu, ai magana ta ƙare.

Ina ɗaura shi sai ga hannaye biyu da lambobi a fuskarsa, sak tsohon Seikon Baba, Allah ya jiƙansa, wanda yakan cire ya ajiye gefen buta in zai yi alwala. Na daɗe ina kallon hannuna. Ashe shi na fito nema.