Madafa a cikin akwati, aikin da muka yi ma jirgin ruwa

Mu a shagonmu nan Maraɗi kujeru da gadaje ba su ke riƙe da mu ba, wannan kowane kafinta na yi kuma sai lokacin bukin aure kasuwarsu ke motsi. Abin da aka san mu da shi akwatin girki ne na direbobin manyan motoci, wanda ake ɗaurewa gefen kamiyo, in an buɗe murfin ya zama tebur, risho na ciki, tukunya da butar shayi da gwangwanin sukari kowa da gurbinsa.

To cikin direbobin nan ne wani da ya daɗe yana bin hanyar Kotonu ya haɗa ni da wani Alhaji ɗan garin nan da ke zaune can. Mutumin yana da ƙaramin jirgin ruwa mai tafiya da iska, irin wanda ake ɗaura ma ƙyalle jikin doguwar sanda, tsawonsa bai wuce mita 6 ba. Ya ce akwati yake so da zai sa ciki in zai fita, in ya dawo ya ciro abinsa ya kai gida. Na ce ranka ya daɗe, mu da Gulbin Maraɗi ma sai damina muke ganin ruwa cikinsa, ina mu ina teku? Ya yi dariya ya ce Malam kai dai jira awo.

Awon farko da na roƙa ba na wurin ajiye akwatin ba ne, na ƙofar shiga cikin jirgin ne, don duk kyan aiki in bai bi ta ƙofa ba ya tashi banza. Muka tsaya kan santimita 60 tsawo, 40 faɗi, 35 tsayi, kuma na sa ma raina kada ya kai nauyin da mutum ɗaya zai kasa ɗauka yana tsaye kan abin da ke rawa ƙarƙashin ƙafarsa. Shi ya sa ban taɓa katako mai kauri ba, falai mai milimita 9 na sa a jiki, gindin kawai na ba mai 12. Mariƙin ma igiya na zura ta rami biyu na ƙulle daga ciki, na ƙarfe yana tsatsa kuma yana bugun ƙauri.

Inda aikin ya rabu da na mota shi ne karkata. Direba sai ya tsaya yake girki, shi kuwa wannan jirgin in iska ta cika ƙyallen kwantawa yake gefe guda, ya daɗe a haka, in an juya ya koma ɗaya gefen. Saboda haka rishon bai zauna kan katako ba, mai walda na kusa da mu ya yi mana ɗan firam da ke rataye kan ƙusa biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, muka liƙa masa ɗan nauyi a ƙasa, akwati ya karkata yadda yake so tukunya tana nan a daidai. Muka ƙara ƙarfe biyu masu matse ƙugun tukunya. Kowane baki na sama na yi masa ɗan shinge mai santimita 4 don kofi kar ya silale, amma na bar kusurwoyi a buɗe saboda ruwa ya samu hanyar fita in ana gogewa. Aljihun cokula kuma ba ja kawai ake ba, sai an ɗan ɗaga shi tukuna ya fito, tsaga ce ƙarama na yi a ƙasansa yana faɗawa ciki, ba sakata ba makulli.

Maganar gas kam mun ja da Alhaji. Shi yana son butel ɗin gas ta zauna cikin akwatin kamar na direbobi, na ce a'a. Gas ya fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya, a mota iska ta kwashe shi, jirgi kuwa cikinsa kamar ƙwarya yake, ba inda zai bi ya fita, yana nan yana jiran wanda zai ƙyasta ashana. Na ce butel ta zauna waje a ɗaure inda iska ke kaɗawa, a rufe ta da an sauke tukunya, in da hali ma a fito da akwatin fili a yi girkin. Kewayen wutar na sa falen alminiyom, ban manna shi da katako ba, na bar ɗan tsakani don zafi kar ya ci itacen.

Abu na biyu da ya ci min lokaci shi ne laima. Katakon da aka yanka nan cikin hunturu a bushe yake ƙarau, ya je bakin teku ya sha danshi sai ya kumbura, aljihun da ke tafiya sumul a Maraɗi ya cije can ko da ƙarfi ba ya fita. Sai na bar milimita 3 kowane gefe, yaran shago suna ta kallona wai maigida yau aikinka na da sako-sako. Bakin falai kuwa nan ne ruwa ke shiga ya ɗaye shi, duk inda zarto ya bi na shafe da gam mai haɗi biyu kafin fenti. Ƙusoshi masu murɗi duk na inokis ne, wanda ba ya tsatsa, sai daga Kano aka kawo min, kuma sai da na gwada su da maganaɗisu, don akwai masu sheƙi da ake sayarwa da sunan inokis amma maganaɗisu ya cafke su gam.

Gwaji a tafkin Madarunfa muka yi. Wani masunci ya ba mu aron kwalekwalensa, muka ɗaure akwatin da bel, na cika buta da ruwa na ɗora, yarona ya taka gefe yana jijjiga jirgin har masuncin ya fara salati. Cokula na ta ƙara a ciki, amma buta ba ta zubar ba.

Kai akwatin Kotonu ma ya zama wani aiki, don an rufe iyakar Benin a 2023, lokacin mota ba ta haye gadar Gaya, sai da aka sauke shi aka tsallaka da shi Malanbil, garin Benin da ke tsallaken kogin, ta kwalekwale, kuɗin ɗauka ya kusa kamo kuɗin katako. Yanzu Alhaji na son na biyu na ajiye ƙanƙara da kifi, ban amsa ba tukuna, sai na samu soso mai tauri irin na jikin firiji da zan sa tsakanin bangon.